Fitilun da nake haɗawa ne ke cinye mana yunit?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kano, kuma haɗa fitilu sha'awata ce. Na sassaƙa ƙwarya 4 na sa wa kowace ƙwan LED mai wat 5, na zagaye silin falonmu da igiyar LED naɗi 2, kowane naɗi tsawon mita 5, sannan na haɗa fitilar karatu da batiran tsohuwar kwamfuta. Tun watan Maris Baba yake cewa katin wuta ya daina daɗewa, kuma fitiluna ne sila. Layinmu rukunin A ne. Da gaske ni nake cinye yunit ɗin?

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi wa hannunka albarka. Na fi shekara 20 ina wayarin gidaje, ina kuma koya wa yara sana'ar, kuma irin ƙorafin Baba na ji shi a gidaje da dama. Zan gaya maka gaskiya tun da fari: Baba yana da hujja, amma ba a kan dukkan fitilunka ba. Ƙwaryar nan 4 ba ruwansu, fitilar karatunka ma haka. Igiyar da ke silin falo ita nake zargi. Akwai kuma wani abin da ke taya ta ci wanda ba kai ka haɗa shi ba, zan zo kansa.

Mu fara da abin da mita take cirewa. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Duk wata na'ura da ke gidanku lissafinta bai wuce haka ba: ka ɗauki wat ɗinta, ka ninka da awannin da take kunne, ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da ta ci. Ka riƙe wannan da kyau, domin mutane wat kawai suke dubawa su manta da awanni, alhali awannin ne suka fi kwashe kuɗi a harkar fitila.

Sai farashi. Tunda kuna rukunin A, wato layin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, ku ne aka fi matsa wa. A farkon Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wannan rukuni zuwa naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai naira 70 ba. A watan Mayu aka sauko da shi 206.80, a Yuli aka mai da shi 209.50. In ka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan 209.50, sai ka sake komawa wajen 225. Da wannan adadi zan yi maka lissafi, kuma a kansa katin naira 10,000 yana ba da yunit 44 da 'yan kai. Ka duba rasit ɗin katin da Baba ya saya na ƙarshe daga KEDCO, ka raba kuɗin da yawan yunit ɗin, ka sa naku adadin a gurbin nawa.

To, ƙwarya 4 masu wat 5 sun zama wat 20. A ce kana kunna su daga magariba zuwa sha biyun dare, awa 6 ke nan. A rana sun ci yunit 0.12, a wata yunit 3.6, kimanin naira 810. Dutsen guga mai wat 1000 in aka yi rabin awa ana goge kayan Juma'a da shi, ya ci abin da fitilun ƙwaryarka za su yi kwana 4 suna ci. Wannan ba abin da zai sa Baba ya lura ba ne.

Igiyar kuma labarinta daban ne, kuma a nan ne masu sha'awar fitila da yawa suke ruɗuwa. Saboda an ce musu LED ba ta cin wuta, sai su ɗauka komai yawanta ba ta ci. Ka hau kujera ka duba igiyar sosai. Za ka ga 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu a jere. Idan manya ne, faɗinsu kamar rabin santimita, irin waɗanda ake rubuta wa 5050, kuma akwai 60 a kowace mita ta tsawo, to ƙa'idarsu wat 14.4 ne a mita. Naɗi ɗaya wat 72 ke nan, naɗi 2 wat 144. Ka ga adon falon nan shi kaɗai ya fi tsofaffin ƙwayayen nan masu zafi na wat 60 guda 2 ci, har da ƙari. Kuma na san halin igiyar silin: ba a kashe ta. Haskenta ba ya damun mai barci, tana yi wa falo kyau, sai a bar ta tun magariba har a dawo daga sallar asuba. Awa 12 sau wat 144, yunit 1.7 a rana, kusan 52 a wata, wajen naira 11,700. Katin naira 10,000 sukutum bai ishe ta ba.

Sau da yawa igiyar kasuwa ba ta kai cikakken wat ɗin da ƙa'ida ta ce, musamman in an ba ta wuta daga baki ɗaya kawai, shi ya sa za ka ga farkonta ya fi ƙarshenta haske. Amma adaftar da ke sauke wutar gida daga bolt 230 zuwa 12 ita ma tana da nata rabon, wanda take zubarwa a zafi. Taɓa ta bayan awa ɗaya ka ji ɗuminta. Wannan ɗumin ma mita ta ƙirga shi. Saboda haka ko an rage nan an ƙara can, igiyar tana nan a matsayin babbar mai ci a cikin kayanka. In kuwa ƙwayoyin ƙanana ne, irin 3528 masu wat 4.8 a mita, to duka igiyar wat 48 ce, laifinta ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Mai taya ta ci kuwa, kai da kanka ka faɗe shi ba ka lura ba, da ka ce tun watan Maris. Maris a Kano shi ne lokacin da sanyi ke tafiya, zafi ya kama hanyar haura digiri 40 a Afrilu. Fankar sama ta gargajiya tana cin wajen wat 70. Fankoki 3 in suka yi awa 10 a rana suna juyawa, yunit 63 ne a wata, wanda a watan Janairu babu shi ko kaɗan. Firji ma a zafi injinsa ba ya samun hutu kamar da, ga buɗewa da rufewa don ruwan sanyi. Fitilunka da zafin bazara tare suka shigo gidan, sai ido ya sauka a kan abin da ake gani yana haske.

Kada ka tsaya a lissafina. Gani ya kori ji, kuma mitarku za ta ba ka amsa a cikin minti 6. A fuskarta akwai wata 'yar jar fitila mai ƙiftawa, a gefenta an rubuta lamba, sau da yawa 1000, wani lokaci 1600 ko 3200. Lambar tana nufin yawan ƙiftawar da ke cika yunit ɗaya. Ka kashe komai na gidan, har firji, ka cire cajojin waya, ka kunna igiyar ita kaɗai. Ƙirga ƙiftawar minti 6, ka ninka da 10. In lambar mitarku 1000 ce, abin da ya fito shi ne wat ɗin igiyar kai tsaye: ƙiftawa 14 na nufin wajen wat 140. In 1600 ce ka raba da 1.6, in 3200 ce ka raba da 3.2. Idan kuwa irin mitar nan ce da aka ɗora a kan turke aka bar muku madannai kawai a cikin gida, ka rubuta yunit ɗin da ya rage, ka bar igiyar ita kaɗai awa 2 ko 3, ka sake dubawa. Wannan gwaji ka yi shi wa fanka, ka yi wa firji, ka yi wa hita mai tafasa ruwa. Yaron da ya yi wa kayan gidansu haka sau ɗaya ba ya sake yin hasashe a kan wuta.

Ba na so ka cire igiyar, ba na kuma so wannan magana ta kashe maka gwiwa. Gyara take so. Na farko, ka rage mata awanni: awa 4 na hira sun isa, in an tashi daga falo a kashe. Ka sa mata makunninta na kanta a bakin ƙofa, a ɓangaren wutar gida kafin adafta, don in an kashe har adaftar ta huta. Na biyu, ka sa mata 'yar na'urar rage haske ta bolt 12, irin wadda ke kunna wutar tana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya yadda ido ba ya gani. Wannan in ka rage haske da ita, cin wutar ma yana raguwa da gaske. Kada ka rage haske ta hanyar jona babbar rizista a hanya, domin wani ɓangare na abin da ka hana fitilar zai ƙone ne a jikin rizistar. Adon silin ba ya buƙatar cikakken haske ma. Rabi ya fi daɗin ido. Na uku, duk ranar da za ka sake saye, nemi mai wat 4.8. Mita 10 na wannan a awa 4 kullum yunit 5.8 ne a wata, wajen naira 1,300. Daga 11,700 zuwa 1,300, kuma falon yana nan da kyansa.

In kana so ka faranta wa Baba rai fiye da haka, zagaya gidan ka ga ko akwai sauran ƙwai mai zare a ciki, musamman na ƙofar gida da na bayi waɗanda ke kwana a kunne. Ƙwan wat 60 mai kwana awa 12 yana cin yunit 21.6 a wata, naira 4,860. Na LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da shi, tsakanin lumen 700 da 800, a kan yunit 3.2, wajen naira 730. Tsohon ƙwan kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi yake mai da ita. Abin da canza ƙwai ɗaya tak zai rage a wata ɗaya ya biya kuɗin wutar fitilun ƙwaryarka na wata 5.

Lumen ɗin nan da na ambata shi ne ma'aunin haske, kuma shi ya kamata ka riƙa dubawa a jikin kwali. Wat ma'aunin ci ne kawai. Na sha sayen ƙwai a kasuwa an rubuta masa wat 20, in auna in tarar bai kai rabin haka ba. Irin wannan ba zai cuce ka a mita ba, a haske zai cuce ka, sai ka ƙara na biyu da na uku. Ƙwan LED na kirki yana ba da lumen 80 zuwa 100 ko fiye a kowane wat. Na zare bai fi 12 ko 13 ba. Akwai kuma lambar launi: 6500 shi ne farin nan tas na shaguna, 2700 zuwa 3000 shi ne mai ɗan ja kamar fitilar ƙwai ta da. Launi ba ya canza lissafin kati. Amma ga ƙwarya, mai 2700 ya fi dacewa nesa ba kusa ba, domin yana fito da jan jikinta, zanen kuma ya kwanta a bango da taushi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da ƙwaryar, wato zafi. Kuɗin da masu haɗa fitila suka fi asara ba a mita suke tafiya ba, a ƙwayayen da ke mutuwa kafin lokacinsu suke tafiya. Ka buɗe mataccen ƙwan LED ka duba. Za ka ga faranti na alminiyam da 'yan ƙwayoyi rawaya a kai, kuma kusan kullum ɗaya daga cikinsu yana da ɗigon baƙi a tsakiya. Shi ne ya ƙone, kuma da yake a jere aka jona su kamar carbi, mutuwar ɗaya ta kashe sauran. A ƙarƙashin farantin akwai ɗan allo da muke kira direba, a kansa da kafasita mai kama da ƙaramin gwangwani. In ka ga kanta ya kumbura, zafi ne ya dafa ta. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage wa irin wannan kafasita kusan rabin rayuwarta.

Rawayan nan da kake gani a kan ƙwayoyin ma yana da labari. A ƙarƙashinsa hasken shuɗi ne, rawayan hoda ce da ke mai da wani ɓangare na shuɗin ya zama rawaya, haɗuwarsu ta ba da fari. Samar da shuɗin LED mai ƙarfi shi ne ya gagari masana shekaru da yawa, har aka cim masa a Japan a farkon shekarun 1990, kuma a kansa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta 2014. Zafi yana gajiyar da wannan hoda da ƙwayar da ke ƙarƙashinta, shi ya sa fitilar da ta sha zafi take dushewa a hankali tun kafin ta mutu.

Ƙwarya kuwa ba ta fitar da zafi, riƙe shi take yi. In ka kifa ta a kan ƙwai ba mafita, ka gina masa tanda ne, ga kuma ɗakin da kansa da zafi a Afrilu. Ka huda ramuka a can samanta inda zafi ke taruwa, ka bar buɗi a ƙasa, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Ka bar tazarar yatsa 2 aƙalla tsakanin ƙwan da jikin ƙwaryar. Kuma wat 5 ɗin da ka zaɓa daidai ne, kada ka haura 7. Wani yaro da na koyar ya taɓa kawo mini tasa, ya sa mata ƙwai mai zare na wat 40 saboda yana son launinsa. Da na kifa ta na leƙa ciki, saman ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, na taɓa da farce sai ga gawayi yana zubowa, ga ƙauri. A ɗakin ƙannensa yake rataye ta, kusa da gidan sauro. Busasshiyar ƙwarya, kwando, faifai, takarda, yadi, duk makamashi ne. Kada ƙwai mai zare ya shiga cikinsu ko na minti ɗaya.

Shawarata gare ka, matuƙar kana koyo, ka tsaya a bolt 12 ko ƙasa da haka, ka bar adafta mai kyau ta yi hulɗa da wutar gida. Direbobin ƙwayaye masu araha ba su raba wutar gida da farantin ƙwayoyin ba, wato in ka taɓa farantin yana kunne, wutar gida ka taɓa. Ko an cire filogi, kafasita tana iya riƙe caji na ɗan lokaci ta ja ka. Na ga yara suna ciro waɗannan alluna suna maƙalawa a jikin gwangwani ko ƙarfe, kuma wannan hatsari ne na rai. Ƙwayayen nan masu lanƙwasasshen gilashi da aka yi yayi kafin LED kuwa kada ka fasa su don neman kayan ciki, akwai sinadarin makuri a gilashin.

Bolt 12 ba ya jan mutum, amma yana iya tada gobara, domin in bolt ya yi ƙasa, amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a cikin waya, ce ke yawa. Naɗi ɗaya na wat 72 yana jan amfiya 6. Siririyar wayar da ake jona rediyo da ita ba za ta ɗauki wannan ba, za ta yi zafi a cikin silin inda ba mai gani. Kowane naɗi ka ja masa tasa wayar mai kauri daga adafta, kada ka jona na biyu a wutsiyar na farko. Adaftar ta fi ƙarfin kayan da aƙalla kashi 20 cikin ɗari: igiya mai jan amfiya 12 tana son adafta mai 15. Ka sa fis a bakin fitarta, ka ajiye ta inda iska ke kaiwa, ka yi haɗin waya da dalma maimakon murɗawa da naɗe tef. Araha ba ta ado a wajen adafta. Mara nauyin nan da ba a rubuta mata komai ba ita ce ke fara tafiya ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, wani lokaci ta tafi da igiyar.

In gidanku akwai inbata, ka cire igiyar daga layinta. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah, wato amfiya 100 na awa ɗaya, yana ɗauke da wajen yunit 1.2, kuma in na dalma ne rabin wannan kawai ya kamata a ci in ana so ya daɗe. Igiya mai wat 144 za ta cinye rabin nan a cikin awa 4, ta bar gidan ba fanka a tsakar dare.

Fitilar karatunka ita ce mafi sauƙin ci a duka. Batirin kwamfuta irin 18650 mai bolt 3.7 sabonsa yana riƙe abin da bai fi wat 9 zuwa 12 na awa ɗaya ba, tsoho bai kai haka ba. Guda 3 ko kullum kake cika su daga ƙasa, wajen yunit 1 ne a wata. Abin kula a nan lafiyar batiran ce. Ka caja su ta allon caji mai kariya, irin TP4056 mai yanke wuta a bolt 4.2, kuma shi na batiran da aka jona gefe da gefe ne, ba waɗanda aka jera kai da gindi ba. Duk wanda ledarsa ta yage, ko ya yi tsatsa, ko yake zafi in ana caji, ka fitar da shi. Kada ka bar su a rana ko a mota, kada ka caja su a kan katifa. In ka ga an rubuta wa 18650 lamba 9900 mAh a jiki, wato yawan cajin da yake riƙewa, ƙarya ce. Na gaske yawanci ba sa wuce wajen 3500.

Yau da daddare bayan isha'i, ka roƙi Baba ya tsaya tare da kai a gaban mita, ka ba shi agogo ya riƙe. Ku fara da igiyar, sannan ƙwarya 4, sannan fankoki, kana rubuta kowanne a takarda. In lambar igiyar ta fito kamar yadda nake zato, ka amsa a gabansa cewa ya yi gaskiya, ka nuna masa makunnin da za ka sa da awannin da za ka rage. Ku rubuta yunit ɗin da ya rage a daren, bayan mako guda ku sake dubawa tare, sannan ka turo mini lambobin in taya ka zaɓar adaftar da ta dace.